Kwafin fayil a faifan da ya kusa cika

Jiya da daddare a shagona nan Sakkwato, ga zafi, na maimaita gwajin da nake yi duk sanda na sabunta Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutata. Na cika faifan XFS (wani tsarin ajiye fayiloli a faifai) har saura 'yan megabait, sannan na kwafi ƙaton fayil da umarnin cp --reflink, mai yin kwafi ba tare da sake rubuta bayanan ba. Nan take ya gama, don kwafin da na asali wuri ɗaya suke tarayya. Sai ka fara rubutu cikin kwafin ake neman sabon gurbi, ga shi babu. Burina in ga saƙon ENOSPC, wato "babu sauran wuri a faifai", fayil na asalin kuma lafiya lau. Haka aka yi, alhamdu lillahi. Sakamakon jarrabawar ɗalibai ne a kwamfutar nan, shi ya sa ba na tsallake gwajin.