Kafin ka zuba kuɗin mutane a sito

A makon da ya gabata ɗan wani aminina, yaron da aka raɗa wa suna a gabana, ya same ni a rumfata da ke kasuwar Dawanau, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce: "Baba, sito nake nema na haya, kuma an ce kai ne za ka san mai kyau." Da na tambaye shi abin da zai zuba a ciki, sai ya buɗe wayarsa ya nuna mini sunayen abokansa da dangin mahaifiyarsa waɗanda suka turo masa kuɗi domin ya sayi masara yanzu da kaka, ya ajiye ta zuwa damina, a raba riba. Har ya riga ya faɗa wa kowa abin da zai samu a kan kowace naira dubu ɗari. Yaron nan bai taɓa kwana a kasuwar ƙauye ba, bai san yadda ake soka buhu a gane ɗanyen hatsi ba, amma ya yanke ribar watan Yuli tun yanzu. Na ce masa ya je ya dawo, domin raina ya ɓaci fiye da kima, kuma na san ba shi ne asalin ɓacin ran ba. Abin da yake shirin yi shi ne abin da na yi da kakar 2024, ni da na yi furfura a wannan sana'a, kuma shekarar 2025 gaba ɗayanta ta ƙare mini ne wajen biyan abin da na jawo.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane yadda mutum mai hankalinsa yake afkawa irin wannan. Bayan an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta da kanta, kuɗin mota ya tashi, komai ya bi shi. A farkon 2024 dala ta doshi naira 1,900 a kasuwar bayan fage, wanda ya sa mai riƙe da sefa yake ganin hatsinmu kamar kyauta, ana ta lodi ana ƙetarawa da shi. Duk wanda ya sayi masara ko gero ko dawa da kakar 2023 ya rufe sito, bai buɗe shi ba sai da ribar da bai taɓa mafarkinta ba. Ina cikin waɗanda suka samu. A watan Fabrairun 2024 hukumar yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta zo nan Dawanau ta garƙame wasu manyan rumbunan ajiya bisa zargin ɓoye abinci, a watan Agusta kuma matasa suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa har aka sa dokar hana fita a Kano. Duk wannan a gabana aka yi, amma abin da na ɗauka daga shekarar shi ne cewa na iya kasuwa. Ban tsaya na tambayi kaina ba ko ribar nan daga basirata ta fito ko daga faɗuwar naira da yunwar jama'a.

Da kakar 2024 ta kama, sai na shiga saye da ƙarfina duka, alhali farashin bai sauka yadda ya saba sauka da kaka ba. Na tura yarana Saminaka da Giwa da Dandume, na ce kada su bar masara mai kyau ta wuce su. Da jarina ya ƙare, maimakon in tsaya, sai na fara karɓar na mutane. Ƙanwata ta kawo abin da ya rage na gadon marayunta. Wani abokina da ya bar aikin gwamnati ya kawo kuɗin sallamarsa. Matan gidanmu suka kawo kwasar adashinsu. Gaskiya ban roƙi kowa ba, su ne suka ga abin da na samu suka biyo ni, kuma da na ƙi karɓa da an ce na hana dangi cin arziki. Wannan hujja na daɗe ina lallashin kaina da ita, kuma har gobe akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Sai dai ni ne na kalli ƙanwata na ce mata kuɗinta ba za su yi ko ciwon kai ba, kuma babu wanda ya tilasta mini furta wannan magana.

Alamu kuwa sun bayyana ga mai son gani. Tun watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar janye harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na tsawon kwana 150. Manoma da suka ga tsadar shekarar da ta wuce sun nome duk inda garma za ta iya shiga, har ma'aikata da 'yan kasuwar birni sun koma gona. Zuwa farkon 2025 dala ta daina tsalle, ta zauna wajen naira 1,500. Wani tsohon dillali da muka daɗe tare ya ja ni gefe ya ce mini: "Alhaji, bana kowa ya zama mai ajiya, to idan kowa ya ajiye, wa zai saya a hannun wa?" Na ce masa an sha yin irin wannan sanarwa ta gwamnati ba a ga komai a ƙasa ba. A nan ma ban yi ƙarya ba, domin mun sha gani. Amma tambayarsa ba a kan gwamnati take ba, kuma ban amsa ta ba.

Ba na yarda da masu cewa duk mai ajiye hatsi azzalumi ne. Manomi yana sayarwa da kaka domin zai biya bashin taki, zai aurar da 'ya, zai yi wa iyali sutura, kuma in babu wanda zai saya ya adana, to a watan Agusta ba za a sami abin awo a birni ba. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ajiyar hatsi ya tserar da Masar daga fari. Wannan sana'a ce ta halal wadda muka gada, tana da wahala da kasada, kuma mai yin ta ya cancanci ribarsa. Amma akwai hadisin da Muslim ya ruwaito cewa babu mai ɓoye abinci don ya yi tsada sai mai saɓo, kuma ni na san abin da ke zuciyata a waccan shekara. Ina zaune ina jiran labarin da zai tayar da farashi, ko ƙarancin ruwa ne, ko tashin dala, ko rufe wata iyaka. Mutumin da ya kai matsayin da labarin sauƙi yake ɓata masa rai, to ya bar tafarkin Annabi Yusuf, ko da malamai sun sama masa mafita a fatawa.

Mun saba kafin azumi kaya su motsa. Azumin 2025 ya kama a farkon Maris, sai ga farashi yana sauka maimakon ya hau. A wannan lokaci ne na yi babban kuskuren, wanda ya fi na sayen muni. Da na buɗe sito a lokacin, da asarar da zan yi ba ta wuce wadda ɗan kasuwa ke shanyewa ya ci gaba da harkarsa ba. Kuma na tabbata da kuɗina ne ni kaɗai, da na sayar, domin na sha faɗuwa a baya ban mutu ba. Abin da ya riƙe hannuna shi ne ta yaya zan je gidan ƙanwata in ce mata kuɗin marayu sun ragu. Sai na ce bari a sha ruwa. Aka sha ruwa, na ce bari a yi shuka, lokacin da manoma ke buɗe rumbu su ga ya yi ƙasa. Aka yi shuka, na ce bari babbar salla ta wuce. Duk wannan jira kuwa da kuɗi ake yin sa: hayar sito tana tafiya, mai gadi yana karɓar albashi, ana sayen maganin ƙwari, 'yan dako suna sauke buhuna su sake jerawa, hatsin kuma yana ƙara bushewa yana rage nauyi. Masu saya wa kamfanonin abincin kaji, waɗanda a da suke bin mu da roƙo, suka koma su ne ke yanka farashi, in ka ƙi su juya wajen maƙwabcinka wanda shi ma wuta ta ci shi.

A ƙarshe na sayar ne dab da shigowar sabon hatsi, a farashin da ban taɓa zaton zan sallama ba. Waɗanda suka fi ni taurin kai suka kai kakar 2025, lokacin da manoma ke kukan cewa buhun masara ba ya sayen buhun taki.

Asarar kuɗi ba ita ce ta fi ci mini rai ba. Watanni na yi ƙanwata tana kirana tana tambaya cikin kunya, ina ce mata kasuwa lafiya lau, alhali na san ba lafiya ba. Ni da nake yi wa yarana faɗa a kan ƙaryar tiya ɗaya, sai ga ni ina ɓoye wa wadda muka sha nono ɗaya gaskiyar dukiyar 'ya'yanta. Barci ya ƙaurace mini, likita ya ce jinina ya hau, na zama mai faɗa a gida a kan abin da bai kai ya kawo ba, har uwargidana ta gane kafin in faɗa mata. Na sayar da filin da na tanada domin 'ya'yana maza, na ɗaga bikin 'yata, na sallami wasu daga yaran shagona waɗanda ba su da laifin komai. Wani lokaci nakan ce gwamnati ce ta kashe mu, domin ba daidai ba ne a ce wa mutane su koma gona sannan a buɗe ƙofa kayan waje su danne amfaninsu, kuma har yanzu ina kan wannan ra'ayi saboda manoma. Amma talakan da ya sami sauƙin awo a 2025 ba zai taya ni kuka ba, kuma ba ni da bakin cewa ya yi.

Na zauna da niyyar jera wa matasa shawarwari masu yawa, amma da na duba sai na ga yawancinsu surutu ne. Abin da nake da shi kaɗan ne.

Kada ka ajiye hatsi da kuɗin da ba naka ba. Kuɗin mutane suna hana ka sayarwa a ranar da ya kamata ka sayar, domin kunya takan shiga tsakaninka da lissafi. Na san za a ce to wanda ba shi da jari fa, kuma ni ma da kuɗin ubangidana na tashi, ba zan musa ba. Amma shekaru na yi ina ɗaukar masa awo, ina kwana a kan buhuna a tasha, kafin ya damƙa mini ko sisi, kuma shi ɗan kasuwa ne wanda ya san ana faɗuwa. Yaran yanzu ba su da wannan haƙuri. Yaro ya kalli bidiyo biyu a TikTok, ya buɗe zaure a WhatsApp, ya sa wa kansa sunan kamfani, gobe ka ji yana karɓar kuɗin zawarawa. Ka ce masa ya zo ya zauna a rumfa shekara guda ya koyi bambancin sabuwar masara da tsohuwa, sai ya ga kamar ka zage shi.

In kuwa ba makawa sai ka karɓa, to ka je wurin malami ya karanta maka babin ƙiradi, wato ba da jari a juya a raba riba, kafin ka taɓa kuɗin. A shari'a kaso ake yankawa daga ribar da aka samu, rabi ko sulusi ko abin da aka daidaita, ba a cewa duk dubu ɗari za ta haifi kaza, kuma in an faɗi ba tare da sakacinka ba, asarar tana kan mai dukiya. Ka faɗa masa wannan ƙarara a gaban shaidu, a rubuta, ko da zai fasa. Wanda ya ji haka ya janye kuɗinsa ya yi maka alheri. Ni da na bi wannan hanya da ban sayar da filina ba, ko da yake, in zan faɗi gaskiya, ko an rubuta ba na jin zan iya kallon marayu in karanta musu takarda. Saboda haka ma na fi son ka bar kuɗin marayu da na 'yan fansho gaba ɗaya, da takarda ko babu.

Ba kuma ina cewa kada a sayi hatsi bana ba. Mai yiwuwa ma shekarar da kaya suka yi araha ita ce shekarar saye, tunda manomin da ya faɗi zai rage gona, abin da kan jawo tsada daga baya. Ni kaina da ina da sauran jari da na sayi kaɗan. Amma ka lura, irin wannan lissafi mai daɗin ji ne ya kai ni inda nake, kuma babu wanda ya san abin da gwamnati za ta sanar gobe ko yadda damina za ta kasance. In za ka saya, ka sayi abin da in ya faɗi rabi za ka iya cin tuwon dare, kuma tun ranar da ka rufe sito ka yanke farashin da in an sauko gare shi za ka buɗe, ka gaya wa wani babba wanda kake jin nauyinsa domin ya tilasta maka idan lokacin ya zo, tunda kai da kanka ba za ka iya ba.

Ranar da kaya suka fara faɗuwa kuma, a ranar za ka je ka gaya wa masu kuɗi, da ƙafarka, ba ta saƙon waya ba. Lokacin da na je na faɗa wa ƙanwata, ba ta yi maganar kuɗin ba sam, abin da ta tambaye ni shi ne: "Yaya, tun yaushe ka sani?" Na biya abokina da matan gida daga kuɗin filin, ita kuma na biya ta kaso mafi yawa, saura ina kai mata duk ƙarshen wata, kuma bisa lissafina zan gama kafin damina mai zuwa in Allah ya yarda.