Neman tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Rahama

Kakata ta sha gaya mana cewa tana budurwa ta yi tallan dafaffiyar gyaɗa a tashar jirgin Rahama, can wajen Saminaka. Mu kuwa da muka taso ba mu ga ko dogo ba. Sai bayan rasuwarta, Allah ya jiƙanta, na ɗaura niyyar bin sawun maganar.

Da takardu na fara. Turawa ne suka shimfiɗa wannan ƙaramin layi daga Zariya saboda kuzar Jos. Ya iso Rahama a 1912, ya kai Bukuru a 1914. Faɗin dogon ƙafa 2 ne da inci 6, alhali babban layin Legas zuwa Kano ƙafa 3 ne da inci 6. Shi ya sa duk kuzar da ta iso Zariya sai leburori sun sauke ta sun sake lodawa a wani tarago. Da aka haɗa Jos da babban layi ta Kafanchan a 1927, sai kuza ta sauya hanya, ƙaramin jirgi ya yi ta lallaɓawa da fasinja da amfanin gona har aka rufe shi a 1957.

Da na je garin sai na yi kuskure. Na tsaya ina tambayar samari a bakin titi, kowa ya ce bai taɓa ji ba. Wani mai shayi ne ya ce, “Malam, tafi ka gaida mai unguwa tukuna.” Da goro na je, aka haɗa ni da wani dattijo da ya haura tamanin. Na ce, “Baba, a wace shekara jirgi ya daina zuwa?” Ya yi shiru. Da na tambayi abin da ake sayarwa a tashar kuwa, sai baki ya buɗe: rake, fura, gyaɗa, da yadda yara ke tsere in sun ji kukan jirgi daga nesa. Daga ranar ban ƙara tambayar tsoho shekara ba.

Lokacin kaka na je, dawa ta rufe ko'ina, da ƙyar dattijon ya nuna mini tudun da ya ce dogo ya bi. Da rani zan koma, kuma gidajen tsofaffin mata zan fara nema, don su ne suka yi talla a wurin. Wataƙila a cikinsu akwai wadda ta san kakata.