Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Kwalekwalen Baba

Makon jiya na yi alkawarin ba ku labarin aurena na fari, to ku yi mini haƙuri. Tun ranar Talata da jikana ya tambaye ni, "Kaka, wane ruwa ka fi so a duk inda ka tuƙa?" zuciyata ta ƙi komawa kan zancen aure. Na yi kamun kifi a Baga, na zauna Yeji ta ƙasar Gana, amma ban yi wata-wata ba na ce masa: daga Yelwan Yawuri zuwa mashigar Zamare da Rofiya. Nan aka binne cibiyata, nan kuma Baba ya fara miƙa mini filafili.

Baba, Allah Ya jiƙansa, yakan ce, "Ruwan da bai san ka ba, kada ka yi masa gadara." Ina yaro na ɗauka tsoratarwa ce irin ta manya. Shi kuwa ruwan Yawuri ya san shi. Cikin duhun dare zai gaya maka inda dutse yake kwance, inda dorina ke kiwo cikin ciyawar burgu, da gurbin da giwan ruwa ke laɓewa. Sau biyu kogin Kwara, wato Neja, ke cika a shekara: farin ruwa na damina mai laka, sai baƙin ruwa da ke isowa da hunturu, wanda ya yi watanni a hanya tun daga duwatsun Gini, ya sauke lakarsa a ƙasar Mali. Da waɗannan biyun muke lissafin komai, har Gungawa maƙwabtanmu masu noman albasa.

Kwalekwalen nasa na maɗaci ne, da hannunsa ya sassaƙa shi. Shi ne wanda Baffa ya sayar. Zan zo kan wannan.

A 1968 aka toshe kogi a Kainji, ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Ruwa ya yi ta hawa ba ya ja da baya. Ya ci tsohuwar Busa, ya ci mafi yawan tsibirin Foge, ya ci gungunmu har da tsamiyar da Inna ke sussuka a ƙarƙashinta. Aka kwashe mu zuwa gidajen siminti a tudu. Tafkin da ya samu ya haura kilomita 130 a tsawo, a tsakiyarsa ba ka hango gaɓa sai dishi-dishi. Gorar da muke dogarawa ta daina taɓa ƙasa. Baba ya zauna a bakin ruwa kwana da kwanaki bai jefa birgi, wato ragar jifa, ba, ya ce wannan baƙo ne, sai an gaisa tukuna.

Yadda ya gaisa da shi ɗin shi ne abin da nake alfahari da shi har gobe. Ya tara tsofaffin buhuna, Inna ta ɗinke su da basilla, ya kafa gora a gaban kwalekwale ya ɗaura. Da iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas ta cika buhunan nan, sai ka ji jirgi ya yi sauƙi kamar an ɗage shi. Ni ke riƙe da igiya, shi yana baya da filafili yana saita kai. Haka muke gangarawa har Wara, wani lokaci mu tsallaka Shagunu, ba mu sayi man kwabo ba. Idan hadarin bazara ya haɗo, da ya ga ruwa ya fara turnuƙewa daga gabas zai ce, "Sauke, yaro!" Wanda ya yi jinkirin saukewa, iska ta kife shi. Ga kuma kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna tsaye a ƙasa suna jiran cikin jirgi. Baba ya haddace su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya haddace duwatsun da.

Ranar da aka ce jirgi ya nutse kusa da Wara, cikin watan Mayun 2021, da ɗimbin mutane 'yan kasuwa da mata da yara, na kasa cin abinci. Na san wurin. Na sha wuce shi da buhunan Baba. Maganarsa kawai nake ji tana dawo mini: kada ka yi masa gadara.

To, Baba bai cika arba'in a kabari ba Baffa ya kira mai saye. Ya ce zamanin buhu ya wuce, zai haɗa kuɗin ya shiga tarayyar jirgi mai inji, a riƙa kamun ƙananan kifin warangi da dala, wato babbar ragar ja. Na durƙusa na ce, "Baffa, don Allah a bar mini shi, zan biya ku sannu a hankali." Ya ce, "Yaushe aka haife ka?" Ko kallon Inna bai yi ba, tana cikin takaba. 'Ya'yansa suna karanta wannan, na sani, kuma sun san ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Mun yi zumunci bayan haka, na ɗauki makararsa da kafaɗata, na kuma yafe kuɗin. Amma tafiyata Baga, da shekarun da na ɓatar a ruwan da bai san ni ba, daga wannan cinikin suka samo asali.

Filafilin kaɗai na tsira da shi, don a ɗakin Inna ya kwana ranar da aka zo ɗaukar jirgin. Yana nan rataye a zaure, wurin riƙon ya lotsa daidai tafin Baba. Na gaya wa jikan nawa idan baƙin ruwa ya iso bana, zan ari kwalekwale in kai shi Zamare, ko da uwarsa za ta yi fushi. Zancen aure kuma sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.