Masu yunwar gaske ba sa shiga layi

A azumin 2024 muka fara ɗora tukunyar sadaka a unguwarmu, nan cikin birnin Kano. Lokacin ba a cika shekara da cire tallafin man fetur ba, kwanon shinkafa ya gagari talaka. Bayan sallar Asham muka yi karo-karo a masallaci: wani ya ba da kuɗi, wani ya auno gero, wani mai a-daidaita-sahu ya ce shi nasa ɗauko kaya ne kyauta. Gero da wake a Dawanau muke sayowa, don can ake samun rangwame in buhu za a ɗauka. Mai da sukari kuwa sai kasuwar Singa.

Mata ne suka riƙe girkin. Tun da hantsi ake jiƙa wake, a surfa, a kai markaɗe, kafin la'asar an dama kunun tsamiya, ƙosai yana kan wuta. Da yamma layi ya cika da almajirai da robobinsu, da 'yan ga-ruwa, da 'yan dako. Mai wayo yakan karɓa sau biyu, ni dai ban taɓa ganin laifin yaron da yunwa ta koya wa dabara ba.

Wata dattijuwa cikin masu girkin, Inna muke ce mata, ita ta ja ni gefe. Ta ce, "Ɗan nan, ka duba gidajen da hayaƙi bai tashi ba yau. Su ba za ka gan su a nan ba." Gaskiyarta. Akwai mai takaba da marayu, akwai tsohon da 'ya'yansa suka tafi ci-rani, akwai magidancin da aiki ya tsaya masa, wanda ya gwammace ya sha ruwa da ruwa zalla da a gan shi riƙe da kwano a bainar jama'a. Mai unguwa da matan layi suka san su gida-gida. Sai muka koma zuba nasu a langa, a ba yaro ya kai, yadda maƙwabta suka saba aika wa juna. Langar takan dawo a wanke, wani lokaci da dabino biyu a ciki. Hoto kuwa mun hana ɗauka. Mai son a yabe shi a Facebook ya nemi wata tukunyar.

Masu kwana a tasha da rumfunan kasuwa da ƙarƙashin gada, su magariba ba ta damunsu sosai, kowane masallaci akwai abin sa wa a baki. Sahur ne ba su da kowa. Don haka muke ware musu shinkafa da wake da mai da yaji, samari su zagaya da ita cikin dare. Sai ta sha iska ake ƙullawa a leda, in ba haka ba zafin Kano ya lalata ta kafin asuba.

Turmutsitsin da ya kashe mutane wajen rabon abinci a Ibadan da Abuja da Okija a Disambar 2024 ya sa muka daina sanar da lokacin rabo. Yanzu zaunar da mutane muke yi rukuni-rukuni, mu bi su da abincin.

Da an sauko daga Idi gudummawa takan ɗauke ƙaf. Tukunyar Juma'a kaɗai muka iya riƙewa, ita ma wani makon gero ne kawai a cikinta.