Gasar da ta buɗe mini bakin mutanen Edmonton

A watan Disamba rana ba ta daɗewa a birnin Edmonton na ƙasar Kanada. Sai wajen tara saura kwata na safe take leƙowa, kafin huɗu da rabi na yamma kuwa an yi magariba. Azahar da la'asar da magariba duk a wurin aiki suke riskata, kusan a jere, ina idar da wannan lokacin waccan ya kawo jiki. Daga Zariya muka zo a farkon 2021, ni da yara biyu, muka iske maigida da ya riga mu zuwa karatu. Sanyin dai an ba ni labarinsa, na kuma yi masa shiri: riga kan riga, safar hannu, takalmi mai gashi a ciki. Idan ma'auni ya sauka talatin ƙasa da sifili, gashin hanci ma daskarewa yake, mota kuma sai ta kwana jone da wuta, in ba haka ba da safe ta ƙi tashi. Duk wannan da sannu jiki ya saba.

Abin da ya daɗe yana ci mini rai shi ne rashin abin hira. Mutanen nan suna da fara'a, za su riƙe miki ƙofa, su tambaye ki ya kike, amma daga nan zance ya ƙare. Ba gaisuwar gida, ba tambayar yara, ba "ya gajiya". Ni da na tashi a gidan da ba a rufe zaure, sai ga ni ina wuni cikin mutane amma babu wanda muka yi magana mai tsawo da shi.

Na yi ɗan gajeren kwas na samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Wanka, ba da abinci, juya mara lafiya a gado, tura keken guragu. Har yau bakina yana nauyi idan zan kira sa'an kakana da sunansa kai tsaye, yadda suke so a yi. Lokacin korona ce, an taƙaita masu ziyara, tsofaffin nan sun yi shiru sun zuba wa taga ido.

Ranar 26 ga Disamba sai gidan ya canza. Tun da hantsi wasu suka nemi a ciro musu jar riga mai hoton ganye a ƙirji daga ƙasan akwati, aka jera kekuna a gaban talabijin. An fara gasar hokin ƙanƙara ta duniya ta 'yan ƙasa da shekara ashirin, kuma a shekarar a Edmonton da Red Deer ake yin ta. Na tsaya a baya ina kallo. Mutum shida-shida ne a fili har da mai tsaron raga, kowa da sanda mai lanƙwasa da takalmi mai ƙarfe a ƙasa, suna bin wani ɗan baƙin faifan roba da idona ya kasa kamawa. Zango uku ake yi, kowanne minti ashirin. Ana cikin wasa ake canza 'yan wasa, wasu su tsallake katanga su shigo, wasu su fice, don ba mai iya wannan gudun fiye da minti ɗaya. Wanda ya yi laifi a zaunar da shi minti biyu, 'yan ƙungiyarsa su yi ta fama ba shi.

Ranar 29 ga wata aka soke gasar, saboda cutar ta shiga cikin 'yan wasa. Akwai wani dattijo, tsohon manomin alkama daga Saskatchewan, wanda a raina Baba nake ce masa. Ran nan ya ture abincinsa. Ina gyara masa bargo na ce, "Wai me ya sa wasan yara ya dame ka haka?" Ya dube ni ya ce in jawo kujera. Tun zuwana ƙasar, ranar ce aka fara ce mini in zauna a ba ni labari.

Ya ce da can ba wanda ya damu da gasar. An fara ta a hukumance a 1977, Tarayyar Sobiyet kuma ta cinye huɗun farko a jere. Kanada, da take ganin ita ce uwar wasan, yawanci ƙungiyar gari guda take turawa, a je a sha kashi a dawo. Ko a 1978 da shahararren ɗan wasansu Wayne Gretzky ya buga a Montreal yana ɗan shekara goma sha shida, ya fi kowa maki, tagulla suka samu. A 1981 suka zo na bakwai, abin ya zama abin kunya. Daga nan aka sake tsari, aka riƙa tsamo zaratan yara daga kowane lardi ana haɗa su sansani guda. A 1982, a wani ƙaramin filin wasa a Rochester ta jihar Minnesota, suka yi kunnen doki uku da uku da Cekoslobakiya, wanda ya ishe su ɗaukar zinarensu na farko. Aka jira a sa taken ƙasa, shiru. Sai yaran suka jeru, suka dafa kafaɗun juna, suka rera da bakinsu. Baba yana faɗar wannan muryarsa na rawa. Har yau duk ƙungiyar Kanada da ta ci gasar haka take yi, kafaɗa da kafaɗa, ana rerawa ko murya ba daɗi.

Labarin da tsofaffin suka fi so shi ne na 4 ga Janairu 1987 a garin Piestany na Cekoslobakiya. Kanada tana gaban Sobiyet da huɗu da biyu a zango na biyu, tana neman ratar ƙwallo biyar don ta ɗauki zinare, sai faɗa ya kaure. 'Yan benci duka suka zubo fili, kowa ya kama nasa. Alƙalan wasa suka kasa rabawa suka fice, masu fili suka kashe fitilu, yara suka ci gaba da dambe cikin duhu. Aka kori ƙasashen biyu daga gasar, Finlan ta tafi da zinare. Ni dai ban ga abin alfahari a ciki ba, kuma na gaya wa Baba haka. Ya ce ko a lokacin kan mutane ya rabu, wasu sun ce abin kunya ne, wasu sun ce yara sun kare 'yan'uwansu. Abin da ba a musu a kai shi ne daga ranar ce ƙasar ta san da gasar. Da tashar TSN ta fara nuna ta a 1991, shekarar da aka yi a Saskatoon, John Slaney ya ci wa Kanada ƙwallon da ta kayar da Sobiyet, sai ta zama al'adar hutun Kirsimeti. Kanada ta ci sau biyar a jere daga 1993 zuwa 1997, ta sake yin haka daga 2005 zuwa 2009.

Abin da na gane shi ne, kowa a gidan nan yana lissafin rayuwarsa da waɗannan shekarun. Wata tsohuwa ta ce mijinta yana raye lokacin da Jordan Eberle ya farke wa Kanada a wasan kusa da na ƙarshe da Rasha a Ottawa, 2009, saura daƙiƙa biyar da ɗoriya a tashi, har ya zubar da shayi a kafet. Daga ƙwallo sai labarin miji, daga miji sai gona, sai 'ya'yan da suka yi nisa. Ni ma aka fara tambayata Zariya, da Innata, da yadda muke yin Sallah. Na ba su labarin yadda iyayenmu suke tuna 1985, da yaran Najeriya 'yan ƙasa da sha shida suka ɗauko kofin duniya a Sin. Nan take suka gane.

Gasar da aka soke an sake ta a Agusta 2022 a nan Edmonton, ana tsakiyar zafi. A wasan ƙarshe da Finlan, cikin ƙarin lokaci, faifan yana gab da faɗawa ragar Kanada Mason McTavish ya sa sanda ya kakkaɓo shi daga kan layi, jim kaɗan Kent Johnson ya ci. Sai jin ihuna na yi tare da na kowa. Baba bai ga wannan ba, ya rasu kafin ƙanƙara ta narke.

Akwai abin da ba na so game da gasar. Yara ne 'yan sha bakwai zuwa sha tara ake ɗora wa ƙasa guda a ka. Da Latbiya ta kayar da Kanada a bugun fenareti a Ottawa a ƙarshen Disamba 2024, sannan Jamhuriyar Cek ta fitar da ita a kwata fainal shekara biyu a jere, maganganun da manya suka riƙa yi a rediyo da intanet kan 'ya'yan mutane sun ba ni tsoro. Uwa ce ni, na san kowannensu akwai wadda ba ta yi barci ba.

Ɗana Abba ne ya kawo maganar cikin gida. Ya dawo makaranta ya ce, "Umma, kin san Jarome Iginla babansa ɗan Najeriya ne?" Gaskiya ne. A Edmonton aka haife shi a 1977, ya tashi a St. Albert nan kusa da mu, mahaifinsa Bayarabe. A gasar 1996 a Boston shi ya fi kowa maki, Kanada ta ɗauki zinare. Ya yi shekaru yana kyaftin ɗin ƙungiyar Calgary Flames, kuma shi ya miƙa wa Sidney Crosby faifan da ya ci ƙwallon zinare a gasar Olamfik ta Vancouver a 2010. Abba ya ƙara da Akil Thomas, baƙar fata, wanda ya ci ƙwallon nasara a kan Rasha a 2020. Maigida kuwa ya tuna wa Abba da Akim Aliu, haifaffen Najeriya, wanda ya fito a 2019 ya faɗi irin wariyar launin fatar da ya sha a wasan. Duka biyun muka ajiye a gabansa, don ya shiga da idonsa a buɗe.

Sai kuma kuɗi. Hular kwano, sulken kafaɗa da na gwiwa, sanduna da ke karyewa, kuɗin rajista, tafiye-tafiye garuruwa da asuba, ga ƙafar yaro ba ta tsayawa wuri guda. Mai aika kuɗi gida duk wata ba ya shiga wannan da garaje. Abin da ya taimake mu shi ne kusan kowace unguwa a Edmonton tana da filin ƙanƙara a waje, 'yan sa-kai ne suke fesa masa ruwa da dare ya daskare. Wata abokiyar aikina ta kawo mana takalman ɗanta da suka yi masa kaɗan, ta nuna mana shagon da ake wasa ƙarfen ya yi kaifi. Ranar Asabar bayan azahar nake raka Abba, ya yi ta faɗuwa yana tashi, ƙanwarsa tana tura kujera a gabanta don kada ta zame. Iyayen da ke tsaye a bakin katanga yanzu mun san juna, har wani ya ce in Abba ya ƙware a birki zai sa shi cikin wasan yaran unguwa. Maganar shiga ƙungiya ta sosai kuwa, ni da babansa mun ce a bari sai shi baban ya gama karatu ya samu aiki tsayayye, sannan mu sake duba lissafi.