Tsohuwar lasifika: a sa mata mita kafin a biya kuɗi

Har gobe ina kan bakana, lasifikokin shekarun 1970 sun fi waɗannan na roba da ake rubuta wa wat dubu biyar a jikin kwali. Amma akwai cutar da kunne ba ya kamawa a cikin kasuwa, kuma ita aka haɗo ni da ita.

Amfilifayata tsohuwar Kenwood ce, lafiyarta ƙalau, lasifika kawai nake nema. Na zaga Dilimi da Katako da shagunan kayan Beljiyam na cikin Jos. Yawancin waɗanda na gani soson da ke zagaye da bakin babbar sifikar ya ruɓe, kana taɓawa yana marmashewa a yatsa. Wasu kuma gindin akwatin ya sha ruwa ya kumbura. Can sai ga Pioneer HPM-100 guda biyu a jingine bayan wani firji. Wanda ya sani ya sani: a 1976 aka fito da su, babbar sifikar inci 12 ce, kuma da hannun Bart Locanthi, wanda ya yi aiki da kamfanin lasifika na JBL, a ƙirarsu. Bakinsu na yadi ne, ba ruwansa da ruɓewa. A baya an rubuta om 8 (om shi ne ma'aunin yadda lasifika ke turje wa wuta, in ya yi ƙasa sai ta ƙara jan wuta), daidai da abin da amfilifayata take so.

Mai shago ya jona, ya ƙure murya. Janareta na ruri a ƙofa, maƙwabcinsa ma ya saki nasa kiɗan. "Alhaji, ka dai ji da kunnenka. Daga kwantena sai nan, wallahi ba wanda ya taɓa buɗe su." A wannan hayaniyar ko gwangwani aka jona zai yi daɗi.

Sai da dare ya yi, unguwa ta yi tsit, sannan na ji abin. Ta hagu ta fi ta dama ƙara, amma sautinta a dagule, kalangu ya koma kamar ana dukan katifa, kuntigi kuwa yana zuwa da wani ɗan kaɗawa a ƙarƙashinsa. Idan na ɗan ƙara murya sai gefe ɗaya na amfilifaya ya ɗau zafi, can ka ji "ƙas", ta yanke kanta.

Wani dattijo mai gyaran rediyo ne ya warware mini. Bai ma kunna komai ba. Ya ɗora mitar auna om a bayan ta dama, ta nuna shida da ɗoriya, wanda shi ne daidai ga lasifikar om 8. Ya ɗora a ta hagu, da ƙyar ta haura uku. Ya haska tocila a kan 'yar hular nan da ke tsakiyar sifikar, sai ga zaren gam ruwan ɗorawa ya zagaye ta, har da sawun yatsa a gefe guda. Ta dama kuwa tsaf, ko alamar gam babu.

"Ɗana, wannan naɗe ta aka yi," in ji shi. Kwayil ɗin asali, wato naɗin wayar da ke cikin sifikar, ya taɓa ƙonewa, wani ya sake naɗa shi da waya mai kauri, zagayen bai kai adadi ba. Shi ya sa take jan wuta kusan ninki biyu, shi ya sa kuma muryarsu ta bambanta. Ba na raina masu naɗi, suna ceton sifikun masu biki da na majalisi. Amma a sitiriyo dole biyun su zama tagwaye, in ɗaya ta kauce an gama. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rantsuwar nan. Da ya ce an yi mata aiki, da mun yi ciniki a kan haka, kowa ya san abin da ya saya. Da na koma, amsar ita ce kaya in ya fita ya fita.

Samun ta asali ba wasa ba ne, domin an daɗe da daina yin su. Sai da dattijon ya sa wani yaronsa a kasuwar Alaba ta Legas ya samo guda daga akwatin da ya fashe, aka saka a mota zuwa Jos. Kuɗinta da na mota sun kusa rabin abin da na biya tun farko. Mitar da za ta tona asirin a shago kuwa ba ta kai kuɗin man da na ƙona ina yawo ba.

Yanzu duk wanda ya ce in raka shi, da mita da tocila a aljihuna. A cire ragar gaba, in mai kaya ya ƙi, mu kama hanya. A auna biyun, lambar ta zo kusan ɗaya. Yawancin na Jamus irin su Canton da Heco om 4 ne tun daga kamfani, uku da wani abu a wurinsu ba laifi ba ne, matuƙar duka biyun haka suke kuma amfilifayarka za ta ɗauka. A danna takardar fuskar babbar sifikar a hankali da yatsu a zagaye, in ka ji gurza, kwayil na goga. Sannan a saurara a ƙasa-ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, ba a ƙure ba.

Tun da aka ɗaura ta asalin, amfilifaya ba ta sake yankewa ba, murya kuma ta dawo tsakiyar ɗaki inda ya kamata ta tsaya. Naɗaɗɗiyar tana cikin kwali a sito. Wani dillali ya yi mini tayi mai kyau a kanta, na ce ba ta sayarwa ba ce, domin na san cikin wani akwatin za a mayar da ita, a kuma rantse wa wani.