Tsarabar Inna

Yau da hantsi ƙanwata ta iso ƙauyenmu na kusa da Ringim da kwalin haɗaɗɗen garin kek, tsarabar Inna, wadda likita ya hana madara da maiƙo. Na zauna a gindin darbejiya ina bin ƙananan rubutun bayan kwalin da yatsa, sai ga garin madara da daskararren mai a jerin kayan haɗin, umarnin kwaɓawa kuma ya ce a ƙara ƙwai 3 da rabin kofin mai.

Inna ta daɗe tana kallon hoton kek ɗin da ke jikin kwalin, sannan ta ce, "Ku yi wa jikokina, ni a dama mini kunun tsamiya." Har yanzu ina tunanin kuɗin da yarinyar nan ta tsimi daga guzurinta ta saye shi.